Tsatsar da ke Ƙarƙashin Fenti

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, har kuɗin motar tokumbo ya fi ƙarfin ma'aikaci mai cin albashi, magidanta da yawa sun waiwayi tsohuwar Peugeot 504 da ta daɗe a jingine a ƙofar gida, suna shawarar ko za su tashe ta da hannunsu. Muhawara kuwa ta yi tsawo a majalisu, wasu suna cewa ɓarnar dukiya ce, wasu suna rantsuwa cewa tsohon ƙarfe ya fi na yanzu aminci. Ni dai ina tare da masu son tashinta, domin motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a masana'antar Kakuri ta Kaduna wadda aka buɗe a 1975, ta riga ta ba da shaidar ƙarkonta a hanyoyinmu, kuma har yau akan sami kayanta a Panteka da Ƙofar Ruwa. Abin da ke damuna shi ne wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, wai tsatsa aibi ne na zahiri, a goge da samfefa, a shafa fila, a fesa fenti, shi ke nan magana ta ƙare.

Alal haƙiƙa tsatsa ƙarfen ne da kansa ya sake ɗabi'a. Idan ruwa ya kwanta a kan ƙarfe, iskar oksijin kuma ta same su tare, sai wani rarraunan lantarki ya gudana tsakanin sassan ƙarfen, ya riƙa zare shi kaɗan-kaɗan yana mai da shi jan garin nan da muke gani. Shi kuwa jan garin, da yake ya fi ƙarfen da ya haife shi cin wuri har ninki-ninki, sai ya kumbura, ya tsattsage, ya buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa zuwa ga lafiyayyen ƙarfen da ke ƙasa. Tukunyar alminiyam kuwa takan yi shekaru ba ta ci ba, domin ita fatar da iska ke yi mata a manne take, tana toshe hanya, alhali ta ƙarfe soso ce mai riƙe danshi. In aka tuna cewa kaurin bodin mota sau da yawa bai cika milimita 1 ba, za a gane cewa abin da tsatsa za ta ci kafin ta huda ba shi da yawa.

Wani zai ce ai Arewa ƙasa ce busasshiya. Gaskiya ne motocinmu ba su sha wahalar gishirin da ake watsawa a titunan Kanada da arewacin Amurka don narkar da ƙanƙara ba, amma ƙurar hunturu tana shiga cikin ƙofofi da kogon ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, ta toshe 'yan ramukan da maƙera suka bari don ruwa ya tsiyaye, sa'an nan damina ta zo ta mai da ƙurar taɓo, taɓon kuma ya kwana ya wuni a jiƙe a inda rana ba ta kai. Daga ciki ke nan ɓarnar take farawa, kamar yadda gara ke yi wa azara: mai ɗaki yana kallon bayan itace sumul, ya ƙara yaɓe, ya yi farar ƙasa, yana murna ya gyara, alhali cikin azarar ya zama fanko, rufin kuma yana jiran ruwan Agusta. Ƙurjin da ya taso a kan fenti, wanda bai fi ƙwayar gero ba, galibi alama ce cewa an riga an huda daga baya. Fila kuwa, in danshi ya same ta ta wannan hudar, shanye shi take yi ta riƙe a jikin ƙarfen, sai a wayi gari maganin yana ciyar da cutar.

Mas'alar ta fi nauyi ga 504 salun, domin ba ta da wani shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Daɓenta, da ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin shokobzoba, su ne ke ɗauke da mota da mutanen ciki. Saboda haka wajibi ne mai gyara ya ɗaga kafet, ya fitar da kujeru, ya ɗauki sukundireba ya caccaki waɗannan wurare ba tare da tausayi ba. Inda ya ji ƙarfe ya amsa da ƙara, gogewa har a ga fari, da maganin tsatsa mai asid na fosforik, da fentin ƙasa, sun wadatar. Inda kuwa bakin sukundireba ya nutse, babu fatawa sai a yanke har a kai ga lafiyayye, a yi waldar sabon ƙarfe, a kuma shafe bayan waldar ma, domin can ne ake mantawa. Bututun birki da ya ci tsatsa canja shi ake yi, haka ma man birkin, tun da yake yana janyo danshi daga iska.

Ba na ganin hujjar da za ta sa a ba mota takardar shaidar lafiya alhali babu jami'in da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, kuma wanda ya lulluɓe rami da fila don ya sayar wa ɗan'uwansa, algus ya yi, ko da fentin ya kai madubi ƙyalli. Kai kuma mai gyara a gida, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ko bulon siminti ke riƙe da ita, kada ka hura ƙurar tsohon birki da baki domin tana iya ƙunsar asbestos, kuma ka sauke tankin fetur ka nisanta shi kafin mai walda ya kunna wuta.