Kiɗan da ke tono tarihi: daga Zurik zuwa Kagoro

A shekarar 2014 aka kafa wata ƙungiyar makaɗa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan mai suna Ungfell. Kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira bilak metal: jita mai lantarki tana ruri, ganga tana gudu ba numfashi, mawaƙi yana ƙaraji kamar maƙogwaronsa zai tsage. Wanda bai saba ba zai toshe kunne. Amma cikin wannan hayaniya suka cusa tatsuniyoyin ƙauyukansu da labaran annoba da maita na zamanin da. A faifansu na 2021, Es grauet, da Jamusancin gida suka rera, har da guɗar makiyayan tsaunukan Alps. Kafin su, wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Eluveitie ta yi faifai sukutum a 2012, Helvetios, kan kakanninsu da Juliyas Kaisar ya ci da yaƙi a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu waƙoƙin ma da harshen Gol suke rerawa, harshen da ya daɗe da mutuwa.

Su sai da suka buɗe littattafai. A Kudancin Kaduna abin yana raye. Duk ranar 1 ga Janairu, bikin Afan yana cika Kagoro da maharba riƙe da kwari da baka, ana busa ƙaho, ganguna suna amsawa, ga dutsen da ya ɓoye mutane lokacin harin masu kama bayi tsaye a kan garin. Mutanen Ham suna da bikin Tuk Ham a Kwoi, Atyap suna da bikin Ayet. Ko a coci, dubi Zumuntar Mata: uwa ta ɗora tulu a cinya tana dukan bakinsa da tafin hannu, ta kusa da ita tana girgiza caki. Kiɗan gida ne aka yi wa sabuwar riga, tun ba a haifi samarin Zurik ba.

Abin da na ga ya yi ƙaranci shi ne faifan da matashi zai zauna ya gina a kan labari guda. Ga Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Ga isowar jirgin ƙasa da ta mai da Kafanchan mahaɗa, ta tara ƙabilu daga ko'ina. Galibin abin da ke fitowa daga situdiyo waƙar bishara ce ko ta soyayya, da Hausa ko Turanci, alhali harsunan yankin irin su Tyap da Jju da Hyam suna jiran mawaƙi.

Sai dai aikin yana da ƙaya. A Turai, wasu 'yan bilak metal sun fara da yabon kakanni suka ƙare da ƙin baƙi. Yaƙin Kaisar ya haura shekara 2,000, ba mai sauran takaba. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 kuwa, waɗanda suka binne 'yan uwa daga kowane ɓangare suna nan da ransu, kasuwa ɗaya suke ci, kuma su ne za su saurari waƙar.