Nisan Kano zuwa Jidda ta Jirgin Sama da Hukuncin Sallar Matafiyi

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Kafin 2023, jirgin da bai yada zango ba yakan yanke wannan tazara cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar, ya keta sararin Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Tafarki ne da magabata suka riƙa shafe watanni, wasu ma shekaru, suna takawa.

Wannan sauƙi ya sa wasu ke tambaya ko rangwamen kasaru ya shafi wanda ke zaune a kujera ana kawo masa abinci. Amsar malaman Malikiyya ita ce hukuncin yana rataye ne da nisan tafiya, ba da daɗewarta ko wahalarta ba, domin wahala aba ce da ba ta da ma'auni, tana bambanta daga mutum zuwa mutum. Sun ƙayyade nisan da baridi huɗu, wato mil 48 kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, abin da ya ɗan haura kilomita 80. Jirgi yana cinye wannan cikin 'yan mintuna, kuma hakan bai soke komai ba.

Inda lamarin ya fi buƙatar lura shi ne lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu, haka ma rana takan riga faɗuwa a can da kusan wannan gwargwado. Wanda jirginsa ya tashi daga Kano da ƙarfe 2 na rana zai sauka wajen ƙarfe 6:30 a agogonsa, alhali a Jidda 8:30 na dare ta yi. La'asar ta shiga ta fita yana sama, kuma ta fi saurin fita fiye da yadda ya saba, saboda yana tafiya gabas rana tana yin yamma. Abin dogaro a nan shi ne halin rana a inda jirgin yake, ba agogon hannu ba. Mai azumi ma da faɗuwar ranar da ya gani zai sha ruwa, ko da yininsa ya gajarta. A dawowa kuwa yinin tsawo zai ƙara, sai ya jure ko ya ɗauki rangwamen matafiyi.

Akwai kuskuren da ya yawaita a Kano musamman. Kasaru ba ta farawa sai an wuce gine-ginen gari, filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa unguwanni sun kewaye shi. Don haka mazaunin birnin zai sallaci Azahar raka'a huɗu kafin ya hau, sannan ya yi La'asar raka'a biyu a cikin jirgi, a tsaye yana fuskantar alƙibla in ya samu hali, in bai samu ba ya yi yadda ya iya, kada ya bari rana ta faɗi.