Wutar tsohuwar mota: a auna kafin a sayi sabon batir



Yau zancenmu a kan wutar mota ne, tsofaffin motocin nan da karkararmu ta dogara da su. Su ke kwasar albasa daga fadamun Majiya da Tarka, su ke kai jama'a cin kasuwa tsakanin Tamaske, Ibohaman da Garhanga, kuma in naƙuda ta tsananta da tsakar dare, su ne ke kai mace asibitin Madawa ko na Galmi. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Peugeot 504, da muke ce ma Fijo, ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Tsohuwar Toyota Starlet kuwa tun 1999 aka daina ƙera ta, ke nan ko autarsu ta haura shekara 25.

Injin waɗannan motoci na da juriya. Abin da ya fi tsaida su a hanya wuta ce. Da mota ta ƙi tashi sai ka ji an ce batir ya mutu, a buga waya ga ɗan uwa na waje ya aiko da kuɗi. A sayi sabo, bayan sati biyu a koma gidan jiya. Sau da yawa batir ɗin lafiyarsa lau, ciwon yana kan hanyar da wutar ke bi: bakin waya da ya yi tsatsa, noti da ya kwance, ko fata da ta goge. Wanda ya iya awo ba ya sayen abin da bai lalace ba.

Yadda wuta ke zagaye mota

Ku ɗauki batir kamar tafkin da mai lambu ke tara ruwa, dinamo shi ne famfon da ke cika shi in inji na aiki, wayoyi kuma su ne tiyo. Bambanci guda ne: ruwa in ya isa fangali ya gama tafiyarsa, ita wuta dole ta koma inda ta fito. Tana fita ta kan batir mai alamar +, ta ratsa fitila ko oda ko demarar, sannan ta bi ta ƙarfen jikin mota ta koma kan mai alamar −. Wannan hanyar komawa ita makanikai ke kira mas. Waya mai kauri ce ke haɗa batir da jikin mota, wata kuma ta haɗa inji da jiki. In ɗayarsu ta yi tsatsa ko ta saki, komai na motar sai ya yi sanyi, ko da batir ya cika fal.

Ba mu kaɗai ke fama da wanga ciwo ba. A Ingila akwai masu riƙon tsofaffin ƙananan motocin gudu marasa nauyi, irin Lotus Elan da ta fito a 1962. Don ta yi sauƙi, ba da ƙarfe aka yi gangar jikinta ba, da wani haɗin zaren gilashi ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Saboda haka kowace fitila sai an ja mata wayar komawa tata, kuma in wuta ta rikice, mas suke fara dubawa. Darasin ɗaya ne da na Fijon da ke hawan duwatsun Buza.

Batir da zafin Adar

Batirin mota mai bolt 12 ɗaki shida gare shi, kowane yana ba da wajen bolt 2.1. In ya kwana bai yi aiki ba aka auna da mita, cikakke zai nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka, a kai shi caji kafin a yanke masa hukunci.

Babban maƙiyin batir a ƙasarmu zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Zafi na ƙafar da ruwan batir, yana kuma cin farantan dalmar da ke ciki. In naku mai murafu ne, ku riƙa buɗewa duk sati biyu da bazara. Ruwa ya rufe farantan da kamar faɗin yatsa. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya na da gishiri da kanwa, yana kashe batir a hankali. Asid ma ba a ƙara shi, don ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Farin gari ko koren da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A kwance wayoyin, a wanke da ruwan kanwa, a kula kar ɗigo ya shiga cikin ɗakunan, a goge da samfefa har dalma ta yi haske, a ɗaure tam, sannan a shafa giris kaɗan a sama. Wajen kwancewa a fara da −, wajen mayarwa a ƙare da shi. Dalili: in sifana ta taɓa + da jikin mota alhali − na haɗe, tartsatsi zai tashi. Batir kuma na fitar da iska mai kama wuta, don haka ba a shan taba a kansa.

Sai ɗauri. Gargadar hanya tsakanin Buza da Keita ba ta raga ma batirin da aka ɗaure da robar tayar keke. Girgiza na kakkaɓe farantansa, kuma in ya yi tsalle kansa ya taɓa bonet, gobara ce.

In an murɗa makulli, a saurara

Kafin a taɓa komai, a kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gaba yana kallo, direba ya murɗa makulli.

In fitilu sun dushe ƙwarai, aka ji ƙas-ƙas-ƙas ko inji na juyawa da ƙyar, to batir ya yi rauni ko kuma wuta ba ta wucewa sosai. A taɓa kan batir da bakin manyan wayoyi: inda ya yi zafi, nan ciwon yake. Demarar, wanda ƴan Najeriya ke ce ma kik, yana jan fiye da ampa 100 ko a ƙaramar mota, shi ya sa ɗan tsatsar da rediyo ba zai ji ba ke hana shi motsi.

In fitilu na nan da haskensu, inji kuma bai motsa ba, batir ba shi da laifi. A duba siririyar wayar da ke zuwa demarar daga makulli, ko gawayin demarar ɗin da ya cinye. Ƙwanƙwasa shi da ƙarfe kan tada mota sau ɗaya ko biyu, amma alama ce ta a kai shi gyara.

Ga gwajin mas da ba ya cin ko dala: a sami waya mai kauri, a maƙala bakinta ɗaya a kan − na batir, ɗayan a jikin inji inda ƙarfe ke fili. In mota ta tashi nan take, wayar mas ce ta lalace. Mai mita kuma ya auna batir lokacin da inji ke juyawa. In ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 alhali an cika shi, to wannan karon da gaske ya gaji.

Dinamo na cika tafkin kuwa?

In inji na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4 a kan batir. In ta tsaya a 12 da ƴan kai, babu caji. A fara duba fambel: in aka danna tsakiyarsa da babban yatsa, kar ya lotsa fiye da santimita 1. In mita ta haura 15, na'urar da ke daidaita caji ta lalace, batir zai riƙa tafasa yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Sabon batir a irin wannan mota asara ce kawai.

Akwai ɗan sirri game da jar fitilar nan mai hoton batir a gaban direba. Ya kamata ta kama in an buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikinta ƴar wutar da ke tada dinamo ke bi. In ƙwanta ya ƙone, dinamo na iya ƙin fara caji sai an taka mai sosai. Ƙwan fitila guda kan sa a sauke dinamo mai lafiya.

Wata al'ada da muke roƙo a bari ita ce cire kan batir inji na aiki, wai don a ga ko akwai caji. Wuta na yin tsalle a lokacin, tana iya ƙona cikin dinamo, da kwamfutar inji in motar na da ita.

Inji na juyawa, bai kama ba

A motar fetur irin ta da, a duba tartsatsi. Kwayil ke ɗaga wuta zuwa dubban bolt, delko ya rarraba ta ga fulogai. Da damina, in an ratsa ruwan kwari, raɓa na shiga murfin delko. A buɗe a share da busasshen tsumma. Da hunturu kuma ƙura ce ke kwanciya a kan murfi da wayoyi, wuta ta riƙa zamewa. Ƴan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin delko, tazararsu a Fijo 504 wajen milimita 0.4 ce. Masu motar gazuwal su lura: akwai Land Cruiser masu bolt 24 da batir biyu, kar a ba su wuta kamar ƙaramar mota, kuma in za a canza, a canza biyun tare.

Fizibil ba ado ba ne

Fizibil, ko fis, ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya ƙone shi kaɗai kafin waya ta ƙone. Na roba masu ƙafa biyu launinsu ke faɗin ƙarfinsu: ja ampa 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ya ƙone a sa irinsa. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da fatarta ta goge tana taɓa ƙarfe. A neme ta inda wayoyi ke ratsa jikin mota, kusa da salansa, da cikin ƙofa.

Masu naɗa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari a gurbin fizibil, sun kori mai gadi ne suka bar ƙofa buɗe. Wayar za ta yi ja a bayan dashbod, a motar da ke ɗauke da mata da yara, wani lokaci har da jarkokin mai. Haka duk abin da aka ƙara, fitilar saman rufi ne, sifika ce ko cajar waya, a ja masa waya mai kauri daidai, da fizibil nasa kusa da batir. Wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda ba sa jure gargada.

Batir na sauka da dare

In an kwanta da cikakken batir aka tashi babu, wani abu ke shan wuta a ɓoye. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire wayar −, a sa ɗan ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batir. In ya kama da haske, akwai ɓarawo. A riƙa zare fizibil ɗaya-ɗaya. Wanda aka zare ƙwan ya mutu, layinsa ne. In an zare duka bai mutu ba, a zargi dinamo. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuma, a leƙa ko ɓera ya gwagwiyi waya.

Ga ƴan uwa na waje

Mun san gumin da kuke yi kafin ku aiko. In an kira ku cewa batir ya mutu, ku yi tambaya uku: nawa mita ta nuna da safe kafin a tada mota, nawa ta nuna lokacin da ake murɗa makulli, nawa kuma inji na aiki? Amsar nan uku ta isa ta raba tsakanin batir, dinamo da waya. Mai gyaran wuta na kirki ba ya jin haushin tambayar, shi ma da mita yake aiki. In kuna neman tsarabar da za ta yi amfani, ku haɗo da mitar awon wuta, kwalin fizibil da wayoyin ba da wuta masu kauri. Kuɗinsu duka bai kai na batir ɗaya ba.

Direbobi da yaran mota, ku ware rabin awa duk sati: ruwan batir, kan batir, wayar mas, fambel, fitilu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai naƙuda ba ta jiran a nemo masu turi. Wanda ke da tambaya ya aiko mana, za mu kai ta ga masu gyara mu kawo amsa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.