Jitar dala 200 da ta dala 5,000: Kuɗin sauti kake biya ko kuɗin suna?

Idan kana cikin masu raba dare a TikTok da YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: a ɗaure wa makaɗi ido da ƙyalle, a miƙa masa jitar lantarki guda biyu, ɗaya mai araha, ɗaya mai ɗan karen tsada, a ce ya faɗi wacce ce wacce. Wani ya canka daidai, wani ya sha ƙasa har ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Ga mai kallo abin dariya ne. Amma ga matashin da ya kwashe watanni yana tara kuɗi, yana hana kansa data da sabuwar waya don ya mallaki jita, maganar ba ta wasa ba ce. Kuskure ɗaya zai iya cinye guminsa na shekara. Kuma akwai waɗanda suka haƙura da koyon kiɗan gaba ɗaya, saboda an cusa musu cewa in ba ka riƙe Fender ko Gibson ta asali ba, ɓata lokacinka kawai kake yi. To wai shin haka abin yake?

Yadda farashin yake hawa

Bari mu fara da sanin kasuwar. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka fi suna a harkar. Fender ya fito da Stratocaster a 1954, Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952, kuma har gobe yawancin jitocin lantarki da kake gani kwaikwayon siffar waɗannan biyun ne.

Kowannensu yana da ƙaramin suna na masu ƙaramin ƙarfi. Fender yana da Squier, wanda ake haɗawa a Indonesiya da Chana, farashinsa daga wajen dala 200 zuwa 400 da 'yan kai. Gibson yana da Epiphone, wanda ya saya tun 1957. Sama da Squier akwai Fender da ake yi a garin Ensenada na Meziko, wajen dala 800. Sai wadda ake yi a Corona ta jihar Kalifoniya, da ke kusantar dala 2,000. Les Paul Standard ta Gibson, 'yar Nashville, tana kusantar dala 3,000. A can ƙololuwa kuma akwai na sashen masu yin oda ta musamman, inda dala 5,000 ba abin mamaki ba ce. Buga wannan da canjin yau, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastam, ka ga miliyoyin da ake magana.

Ina kuɗin yake tafiya?

Kar mu yi wa masu tsada rashin adalci, akwai abin da ake biya. Na farko shi ne aikin hannu. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa a jere, inda yatsu ke danna tsirkiya. A jita mai tsada, wani ya zauna ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita tsayinsu, ya kashe kaifin bakinsu. A mai araha sosai, sau da yawa gaggawa ake yi, sai ka ji ƙarfen yana yagar maka hannu ko tsirkiya tana zizar banza. Na biyu, kayan ƙarfe: kunnuwan ɗaure tsirkiya masu kyau ba sa saki, ba sai ka riƙa sake saiti bayan kowace waƙa ba. Na uku, wayoyi da makunnan ciki, waɗanda na arahar kan fara ƙarar ƙas-ƙas da wuri. Wato dai araha ba ta ado, kamar yadda iyayenmu ke faɗa.

Sai dai babban kaso na kuɗin ba ya shiga kunnenka. Albashin ma'aikaci a Amurka ya ninka na Indonesiya sau da yawa, kuma kai za ka biya. Akwai katako mai zanen ado, akwai fenti irin na da mai cin lokaci, akwai talla, akwai sunan da ke rubuce a kan jitar. Wani abin dariya ma, Fender da Gibson suna sayar da sababbin jitoci da aka kankare musu fenti da gangan, aka sa ƙarfensu ya yi tsatsa don su yi kama da tsofaffi, kuma sun fi masu sheƙi tsada. Ka ji fa, kuɗin tsufa ake karɓa.

Abin da ya sauya wasan shi ne injin yankan katako mai aiki da kwamfuta. Yau da shi ake yanka gangar jiki da wuyan jita a Kalifoniya, da shi ake yi a Indonesiya. Shi ya sa jitar dala 400 ta wannan zamani ta yi wa mai araha ta zamanin iyayenmu fintinkau. Daga dala 100 zuwa 400, bambancin a fili yake, ko ɗan koyo zai ji shi a hannu. Daga 400 zuwa 1,000 akwai ƙari, amma ya ragu. Daga nan zuwa sama, kana ninka kuɗi ne kana samun ɗan ƙarin da sai gwani zai lura da shi.

Daga ina sautin yake fitowa?

A nan ne musun ya fi zafi. Jitar lantarki ba kamar garaya ko molo ba ce, da ƙoƙo ke ƙara mata amo. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, makaɗa na kiransa fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, ta bi waya zuwa amfilifaya, sifika ta mayar da ita sauti. Ke nan abin da kake ji ya fi dogara ga fikof, da amfilifaya, da sifika, da kuma hannun mai kaɗawa.

A 2022 wani makaɗi a Nashville, Jim Lill, ya yi gwajin da ya girgiza masu jita a YouTube. Ya riƙa cire sassan jita ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga ɗaure tsirkiyoyi tsakanin teburan aiki biyu, babu gangar jiki ko kaɗan, ya sa fikof a daidai tazarar da yake a jitarsa mai tsada. Sautin da ya fito ya yi kama da nata ƙwarai da gaske. Masu ƙera jita irin su Paul Reed Smith sun tsaya kan cewa katako yana da tasiri, kuma har yanzu ba a rufe wannan babin ba. Amma ko su ba za su musa cewa jitar dala 5,000 a cikin amfilifaya mai fasasshiyar sifika za ta yi kukan tsohuwar rediyo ba.

Waɗanda suka yi suna da tarkace

Ba sai mun je nesa ba. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yau yake cika dandali a Amurka da Turai, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma waƙoƙinsa sun yaɗu ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, tun kafin wani kamfanin waje ya san da zamansa. Yanzu Fender Stratocaster ta bahagwai yake riƙewa, amma sai da hannu ya faɗa sannan jitar ta zo. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa Tinariwen ta Mali, shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Mu ma a gida mun san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya tak.

A can ƙasashen da ake ƙera jitocin ma haka labarin yake. Brian May na ƙungiyar Queen ya haɗa tasa ne shi da mahaifinsa a farkon shekarun 1960, wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da ita ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta kiɗa. Eddie Van Halen ya sayi gangar jiki mai tabo a dala 50, wuya a dala 80, ya haɗa da kansa, ta zama ɗaya daga cikin jitocin da aka fi sani a duniya.

To me ya sa wasu ke kai miliyoyin daloli? A 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour na Pink Floyd a kan kusan dala miliyan 4. Jita ce da ya saya a wani shago a New York a 1970, irin wadda kowa zai iya shiga ya saya a lokacin. A 2022 Fender Mustang ta Kurt Cobain ta haura dala miliyan 4 da rabi, alhali Mustang an fito da ita ne tun farko don 'yan koyo. Masu sayen nan tarihi suke saya, kamar mai sayen rigar da ɗan ƙwallo ya ci kofi da ita. Rigar ba ta koya wa kowa buga ƙwallo.

Lissafin namu daban ne

Wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi ko Zariya yana da abubuwan dubawa da ɗan Landan ba shi da su. Hunturu yana busar da katako, wuyan jita ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan su leƙo su fara yankan hannu. Damina ta zo, katakon ya sha danshi, saiti ya sake gocewa. Ƙura tana shiga makunnai. Fentin nan irin na da, da ake yi wa Gibson da manyan Fender, bai jure zafi da gumi kamar fenti mai kauri na masu araha. Kan Les Paul kuma ya yi ƙaurin suna wajen karyewa idan ta faɗi, saboda yadda aka lanƙwasa shi baya. Ka yi tunanin ɗaukar kayan miliyoyi a bayan babur ko cikin adaidaita sahu zuwa wajen biki. In ta karye, wa zai gyara maka? Jita irin ta Fender da Squier kuwa da kusoshi huɗu aka ɗaure wuyanta, ana iya kwancewa a sa wani.

Ga kuma batun wuta. Fikof mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, yana jawo gunjin lantarki, kuma abin ya fi muni a gidan da wayarinsa ba shi da kyau ko ake kan janareta. Tsada ba ta maganin wannan. Abin da ke rage shi shi ne fikof mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara sawa a jitocinsa a 1957, kuma yau ana samunsa a jitoci masu araha.

Babban haɗarin shi ne jabu. A ƙarshen 2024 jami'an kwastam na Amurka sun kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Idan har ana yunƙurin shigar da su ƙasar da ake ƙera na gasken, me kake tsammani a kasuwar intanet? Duk wanda ya nuna maka sabuwar Gibson a Instagram da farashin da bai kai na Epiphone ba, ka rufe shafin kawai. Alama ɗaya mai sauƙi: ɗan murfin da ke kan jitar, kusa da kunnuwan tsirkiya, kusoshi biyu ne a Les Paul ta gaske, jabu da yawa uku suke da shi. Amma mafi a'ala, kar ka yi cinikin biri a sama. Epiphone ta gaske ta fi Gibson ta ƙarya sau dubu.

To wa ya kamata ya saya?

Akwai wanda tsadar ta halatta gare shi. Idan da jita kake cin abinci, kana kaɗa ta awa biyar a rana, kana shiga situdiyo inda kowane minti kuɗi ne, to jitar da ba ta sakin saiti kuma ba ta gajiyar da hannu jari ce, kamar keken ɗinki mai kyau a wajen tela. Haka kuma Fender da Gibson na asali sun fi riƙe daraja idan ka tashi sayarwa. In kuma Allah ya hore maka, kana son abin ne kawai don yana faranta maka rai, kuɗinka ne, babu mai tuhumarka. Ka dai san cewa jin daɗi ka saya.

Amma idan yanzu kake farawa, daidai ruwa daidai tsaki. Nemi Squier, ko Epiphone, ko Yamaha Pacifica, ko da ta hannu ce. Kafin ka biya, ɗaga ta ka hango wuyan daga sama ka ga ko ya murɗe. Danna kowane gurbi daga farko har ƙarshe ka saurari ziza. Jona ta a amfilifaya, ka murɗa kowane makunni ka ji ko yana ƙara. Saita ta, ka kaɗa na minti goma, ka duba ko ta saki. Ragowar kuɗin ka raba shi: ɗan amfilifaya mai kyau, sababbin tsirkiyoyi, jakar da za ta kare ta daga ƙura, da wanda ya iya saiti ya rage mata tsayin tsirkiya. Wannan saitin kaɗai yakan mayar da jita mai wahalar dannawa ta koma kamar ba ita ba.

Sauran aikin babu shagon da ke sayar da shi. Makonnin farko yatsunka za su yi zafi, su yi kanta, maƙwabta su gaji da jin abu ɗaya safe da yamma. A wannan matakin ne akasari ake ajiye jita a bayan ƙofa, mai tsada da mai araha duka. In ka wuce shi, ka shekara biyu kana kaɗawa, hannunka da kansa zai gaya maka abin da jitarka ta gaza yi, kuma a ranar za ka shiga kasuwa ka san abin da kake nema, babu mai sayar maka da suna.