Sayen Amfilifayar Gida Da Kuɗi Kaɗan: Abubuwan Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Kasuwar Alaba da ke Ojo a Jihar Legas na daga cikin manyan kasuwannin kayan wutar lantarki a Afirka ta Yamma, kuma daga can ne 'yan kasuwa da dama na Kano da Kaduna da Onitsha da Abuja ke saro rediyo da talabijin da kayan sauti. Cikin waɗannan kaya, da wuya a sami wanda ke rikita mai saye kamar amfilifaya, watau na'urar da ke karɓar ƙaramin sauti daga rediyo ko faifai ko wayar hannu, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika. Ana iya ganin guda biyu a kan kanta ɗaya, ɗaya an rubuta mata wat 5,000 tana araha, ɗayar kuma wat 40 kawai amma kuɗinta ya ninka na farkon. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka ta biyun zalunci ce, alhali kuwa sau da yawa ita ce mai faɗin gaskiya.

Sanin wannan bambanci ya zama wajibi ga magidanci mai son sauraron karatu ko tafsiri ko waƙoƙin su Mamman Shata a falonsa, haka kuma ga ɗan kasuwan da zai zuba jarinsa a cikin kayan, domin kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu yana bin dala ne sau da ƙafa. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Bayan an soma shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai ta koma kimanin naira 4 a 1987, kuma tun daga lokacin ne kayan hannu da ake kira tokunbo suka fara mamaye kasuwa, saboda sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci. Makamancin haka ya sake faruwa bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji a watan Yunin 2023, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. A irin wannan hali, kuskuren saye ɗaya yana iya cinye albashin wata guda.

Wat na gaskiya da wat na talla

Abu na farko da mai saye zai lura da shi shi ne irin wat ɗin da aka rubuta. Akwai wanda ake sa wa alamar RMS, wanda ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da sautin ya gurɓace ba. Akwai kuma mai alamar PMPO, wanda ba shi da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kansa, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Irin wannan ƙarin gishiri ne ya sa hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974, wadda ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya bayyana ƙarfin da take bayarwa a kai a kai, tare da faɗin irin sifikar da aka gwada ta da ita da kuma yawan gurɓacewar sauti.

Akwai hanya mai sauƙi ta gano gaskiya ba tare da wani injin gwaji ba. A bayan kowace amfilifaya, kusa da inda wayar wuta ta shiga, ana rubuta yawan wutar da take sha. Tun da na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ya fi wanda ta sha, wadda ke shan wat 100 ba za ta taɓa ba da wat 5,000 ba. Haka lissafin yake ga ƙananan amfilifayoyi masu zuwa da akwatin wutarsu daban: idan an rubuta bolt 32 da amfiya 5 a jikin akwatin, sai a ninka su, a sami wat 160, kuma shi ne iyakar abin da sifikun biyu za su raba, ko da kwalin ya ce wat 300 ga kowace.

Abu na biyu shi ne yawan wat ba ya ƙara sauti yadda mutane ke zato. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, bambancin da kunne ke ji amma ba mai yawa ba. Kafin sauti ya zama kamar ya ninka a kunne, sai an ninka wat sau goma. Watau wanda ya bar mai wat 50 ya ƙara kuɗi ya sayi mai wat 100 ɗan ƙari kaɗan ya samu, domin ninki sosai yana bukatar wat 500. Saboda haka ga falo matsakaici, wat 30 zuwa 60 na gaskiya ga kowace sifika ya wadatar. Shaida a kan haka ita ce NAD 3020 da ta fito a 1978 da wat 20 kacal ga kowane ɓangare, amma ta zama ɗaya daga cikin amfilifayoyin da aka fi saye a tarihin sana'ar, saboda tsabtar sautinta da sauƙin kuɗinta.

Sifika ce ke yanke hukunci

Ba a zaɓen amfilifaya sai an san sifikar da za ta ja. Lambobi biyu ne ke da muhimmanci a jikin sifika. Ta farko tana nuna yawan desibel da sifikar ke fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya, kuma yawancin sifikun gida suna tsakanin 85 da 90. Sifika mai 90 da aka haɗa da wat 25 tana ba da sauti daidai da mai 87 da aka haɗa da wat 50. Ke nan zaɓen sifika mai sauƙin ja yana rage rabin ƙarfin da za a saya.

Lamba ta biyu ita ce ta om, wadda galibi 8 ce ko 6 ko 4. Idan lambar ta yi ƙasa, sifikar ta fi jan wuta daga amfilifaya, kuma na'urar ta fi yin zafi. A nan ne mutane da yawa ke yin asara, domin sukan ɗaura sifika biyu masu om 8 a maƙali ɗaya, ba su san cewa sun koma om 4 ba, in kuwa huɗu ne sun koma om 2. Amfilifayar da aka rubuta mata om 8 zuwa 16 ba za ta daɗe a haka ba sai ta ƙone.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙaramar amfilifaya ma tana kashe sifika. Idan aka murɗa ta har ƙarshe ta kasa ba da abin da ake nema, sai sautin ya tsattsage, kuma wannan tsagaggen sauti ne ke ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya. Da zarar murya ta fara kaushi, lokacin ragewa ya yi. Ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, ya fi alheri ya ba sifika kaso mafi tsoka, domin bambancin da ke tsakanin sifika da sifika ya fi fitowa a kunne fiye da wanda ke tsakanin amfilifayoyi biyu masu lafiya.

Hanyoyi uku na saye

Hanya ta farko ita ce sabuwar amfilifaya daga sanannen kamfani. Misali, Yamaha A-S301 tana da wat 60 ga kowane ɓangare a kan om 8, Denon PMA-600NE tana da 45, Cambridge Audio AXA35 kuma 35. Lambobin irin waɗannan kamfanoni abin dogaro ne, amma su ne mafi tsada, kuma sunayensu ne masu jabu suka fi kwaikwayo. Wajibi ne a nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da takardar garanti.

Hanya ta biyu ita ce ƙananan amfilifayoyi na rukunin D da kamfanonin China irin su Fosi Audio da Aiyima da SMSL ke yi, waɗanda da yawansu an gina su ne a kan ƙwayar lantarki ta kamfanin Texas Instruments, kamar TPA3116 da TPA3255. Ba su wuce girman ɗan littafi ba, kuma suna mayar da kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar da suka sha zuwa sifika, yayin da tsohon rukunin AB ke zubar da kashi mai yawa a matsayin zafi. Raunin su shi ne ƙarancin wuraren sa wayoyi, da kuma wahalar gyara idan ƙwayar ta mutu.

Hanya ta uku ita ce tsofaffin kayan Japan na hannu, irin su Pioneer da Technics da Kenwood da Sansui da Sony, waɗanda aka yi tsakanin shekarun 1970 da 1990. An ƙera su da ƙwari, kuma masu gyaran rediyo sun san cikinsu. Sai dai shekaru suna da hukuncinsu: ƙananan tukwanen ajiyar wuta da ke cikinsu suna bushewa bayan shekara ashirin zuwa talatin, ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallin murya ta sa shi ƙaraf-ƙaraf. Ya kamata a ware wani abu na gyara a cikin lissafin saye tun farko.

Wutar Nijeriya da kuɗin riƙo

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, daidai da ta Ingila da yawancin Turai. Amma kayan da aka yi don kasuwar cikin gida ta Japan bolt 100 suke ɗauka, na Amurka kuma 120. Jona irin waɗannan a soket kai tsaye yana ƙona su nan take, sai dai a haɗa da taransifoma mai rage wuta, wanda shi ma kuɗi ne. Wasu na'urorin suna da makunnin zaɓen bolt a baya, kuma dole a duba inda yake kafin a kunna.

Hawa da saukar wuta, musamman lokacin da aka dawo da ita ko aka juya zuwa janareto, na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe kayan sauti. Sitabilaiza da na'urar kare tashin wuta sun fi gyara araha. Masu amfani da inbata kuma su sani cewa mai arha wadda wutarta ba ta da santsi tana sa taransifomar amfilifaya gurnani da zafi.

Kuɗin wuta ma ya shiga lissafi tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A kan wannan farashi, idan aka ƙaddara na'ura tana shan wat 50 na tsawon awa huɗu kullum, za ta ci yunit 6 a wata, watau naira 1,350, mai shan wat 15 kuma yunit 1.8, watau naira 405. Bambancin ba shi da yawa ga mai wutar gwamnati, amma ga mai dogaro da hasken rana da batir, shi ne ke nuna ko batirin zai kai dare.

Gwaji kafin biya

An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne kan gaba. Mai saye ya tafi da waƙa ko karatun da kunnensa ya saba da shi, ya sa a jona na'urar da sifika irin tasa. Ya saurari ɓangaren hagu shi kaɗai, sa'annan na dama, ya tabbata ƙarfinsu ɗaya. Ya tsayar da waƙar ya kasa kunne kusa da sifika ko akwai gurnani. Ya bar ta tana aiki na minti ashirin, ya taɓa samanta, domin ɗumi ba laifi ba ne amma zafin da hannu ba ya iya jurewa ko warin ƙuna alama ce ta matsala. Ya kuma duba wuraren sa wayoyi: mai tsofaffin fayafayan garmaho yana bukatar mashigar da aka rubuta wa Phono, mai son haɗa talabijin na zamani yana bukatar mashigar wayar haske, mai sauraro daga wayar hannu kuma Bluetooth, ko da yake ana iya sayen ƙaramin abin karɓarsa daban a maƙala wa tsohuwar na'ura.

Ta fuskar doka, sababbin kayan lantarki da ake shigowa da su suna ƙarƙashin tsarin tantance inganci na SONCAP wanda hukumar SON ta fara a 2005, kuma dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye game da ingancin kaya. Amma ba a iya kai ƙara sai da shaida, kuma rasit ita ce shaidar.

Ga dillalai da masu shaguna, darasin shi ne abokin cinikin da aka sayar wa wat na ƙarya sau ɗaya yake zuwa, wanda kuma aka tambayi girman ɗakinsa da irin sifikarsa kafin a miƙa masa kaya shi ne ke dawowa da ɗan'uwansa. Ga magidanci kuwa, tsarin a bayyane yake: ya fara da sifika, ya nemi wat na gaskiya daidai da ɗakinsa, ya tabbatar da bolt, ya ware kuɗin sitabilaiza, sa'annan ya yi tayi. Hausawa sun riga sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.