Kindirmo Da Koko: Kayan Zaƙi Mara Nauyi

A shekarar 1879 Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po, ya dasa a Mampong. Ghana ta daɗe tana ta biyu a noman koko a duniya, bayan Kodebuwa. Kakanninmu da dama sun yi aiki a gonakinsa, amma mu a zango cakulan kanti muke saya wa yara, mai tsada da yawan sukari da kitse.

To, uwargida, ga hanya mai sauƙi. A zuba kindirmo kofi 2 a ƙyalle mai tsabta, a rataye awa 2 ruwansa ya tsane. A dama garin koko cokali 3, na cakulan ba na gero ba, da ɗan ruwan zafi don kada ya yi gudaji. A bari ya huce, domin zafi na tsinka kindirmo. Sai a haɗa da zuma cokali 2, a buga sosai, a sa a firiji awa 1.

A yanka ayaba a kai, a barbaɗa soyayyar gyaɗa. Ya ishi mutum 4. Masu ciwon sukari su rage zumar.