Sigina ta ɗauke: kafin a ɗora wa fis laifi

Direba ya taɓa sandar sigina zai sha kwana, sai ya ji shiru, babu ƙyaftawa babu ɗan ƙaran nan na tak-tak. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu tsaya wurin mai wayarin mu ce, "Malam, sauya mini fis." Wata rana a dace. Wata rana kuwa ba a kai shataletale na gaba ba, sabon ya bi tsohon.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne a cikin gidan roba, an yi shi don ya narke idan wuta ta wuce kima, kafin waya ta ɗau zafi. Launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Ƙwan sigina ɗaya yakan ci wat 21 a batir mai volt 12, don haka gefe guda, gaba da baya, bai kai amfiya 5 ba. Ko an kunna dabul sigina, ƙwai huɗu na ci tare, abin bai kai 10 ba. Ke nan fis mai 15 da ya ƙone, ba nauyin ƙwai ne ya kashe shi ba. Galibi akwai inda waya ta goge ta taɓa jikin mota.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. A zare makulli a danna maɓallin dabul sigina. A motoci da yawa wutarsa daga batir take zuwa kai tsaye, ta sigina kuwa sai an murɗa makulli, kowacce da fis ɗinta. Idan dabul na aiki sigina ba ta yi, ƙwai lafiya suke, sai a duba fis ɗin sigina. Idan duka biyun sun mutu, zargi ya koma kan fulasha, wato na'urar da ke sa ƙwai ƙyaftawa, ko fis ɗin da suka yi tarayya a kai a wasu motocin, ko shi kansa maɓallin dabul, domin a tsofaffin motoci da dama ta cikinsa wutar sigina ke bi. Idan kuwa gefe ɗaya ne ke ƙyaftawa da sauri kamar ana korarsa, ƙwai ne ya mutu, a ƙyale fis.

Lokacin da fis ya ƙone ma shaida ne. In sai an ba da hannun hagu yake tafiya, matsalar na layin hagu. In sai an faɗa rami ko an buɗe but, a duba inda waya ke lanƙwashewa ko gogar ƙarfe. Da damina kuma ruwa kan shiga mazaunin ƙwai ta fasasshen gilashi. A motoci 'yan Kwatano da aka sha yi wa jone-jone, ni dai wurin jonen nake fara nema.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne dabarar gefen titi: a naɗe fis da silin waya ko takardar kwalin taba, ko a cusa mai 30 a gurbin mai 10. Sigina za ta dawo, direba ya biya yana godiya. Sai dai yanzu wayar ce za ta ɗauki zafin, a can ƙarƙashin sitiyari inda ido ba ya kaiwa, har ranar da aka fara jin ƙaurin roba.